RIGAR RUFIN ASIRI

Shafi na 19

Masu cika min waya da tambayar makomar Allura, na ga saƙonninku. Ku gyara zama, yau a ofishin Maigida za mu yini.

*

Takardar korar tana kan tebur tun kafin Anti Ƙa'ida ta shigo. An buga ta, an danna mata hatimi. Wuri ɗaya ya rage fari, inda jami'ar kula da ma'aikata take sa hannu.

Kawunta, mai kamfanin ɗinkin, ko kai bai ɗaga ba. Ya turo mata biro da bayan yatsa, ya ce ta yi sauri yana da baƙi.

A tsaye ta karanta takardar, tun daga sama har ƙasa, sannan ta sake komawa sama. Ba a banza matan zauren ɗinki suka laƙa mata wannan suna ba. Ko takardar sayen tsintsiya aka miƙo mata sai ta karanta.

Laifin da aka rubuta gajere ne. Jiya da rana Allura ta yi barci a ɗakin guga, ta bar dutsen guga a kan tarin rigunan makaranta, ya ci su har ƙasa. Makarantar kuma tana jiran kayanta ƙarshen mako.

Agogo, shugaban zauren, yana tsaye jikin taga yana duba tsintsiyar hannunsa kamar yadda ya saba. Shi ya kawo rahoton, shi ya buga takardar. Ya yi gyaran murya ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin sakarci irin wannan ba. Ga matarsa nan a keken maɓalli, shekara da shekaru ko fashin yini ɗaya ba ta taɓa yi ba, balle barci a bakin aiki.

Ƙa'ida ta ajiye takardar.

"An ji ta bakinta?"

Agogo ya yi dariya, ya ce wane baki kuma, ai rigunan sun riga sun yi magana.

Ba ta kula shi ba. Kawu ta fuskanta, ta yi masa bayani da muryarta ta kullum wadda ba ta hawa ba ta sauka. Kafin a kori ma'aikaci a kan laifi, sai an faɗa masa abin da ake zarginsa da shi, an ba shi dama ya kare kansa, an bar shi ya zo da abokin aiki guda ya zauna kusa da shi. Wanda ya tsallake wannan, in aka je kotun ma'aikata, ko da gaskiyarsa sai ya dawo da kunya.

Sai a lokacin Kawu ya ɗago.

"Kotu ce ta saya min keken farko?"

Duk kamfanin an san labarin keken nan. Da shi kaɗai ya fara, a ƙarƙashin matakalar wani bene, yana ɗinki yana korar sauro. Yau ga zaure cike da kekuna, ƙararsu tana tasowa ta ƙarƙashin ƙafafunsu kamar ruwan sama a kan kwano. Kuma shi ya ɗauki Ƙa'ida ranar da mahaifiyarta, ƙanwarsa, ta rasu. Shi ya raine ta, shi ya kai ta har inda ta kai.

"Na biya miki karatun doka don ki tsare min kamfani," ya ce, "ba don ki tsare min hanya ba."

"Kamfanin nake tsarewa, Kawu."

Ya dube ta, ta dube shi. Hancinsu iri ɗaya, taurin kansu iri ɗaya. Daga ƙarshe ya ja tsaki, ya ce a kira yarinyar a ji, amma kafin shayinsa ya huce a gama.

*

Allura ta shigo kanta a ƙasa. Siranta da saurin hannu suka ja mata sunan, don a zauren kaf babu mai haɗa riga da saurinta. Yau ta nutse cikin wata ƙatuwar rigar aiki mai ruwan toka wadda ta sha faci, hannuwan a nannaɗe, tsawonta har gwiwa, duk da zafin da ake yi.

A bayanta Gwaggo Almakashi ce, mai yankan yadi, wadda ta girmi kowa a zauren. Ita Allura ta zaɓa ta raka ta. Almakashinta yana rataye a wuyanta da igiya, ta gaida Maigida da sunan da babu mai kiransa da shi sai ita: Ɗan Tela.

Ƙa'ida ta jawo kujera ta ce Allura ta zauna. Agogo ya ce tun yaushe leburori suke zama a ofishin Maigida. Allura da kanta ta girgiza kai da sauri, ta ce tsayuwar ta fi mata.

Ƙa'ida ta lura da wannan saurin.

Ta karanta mata zargin kalma kalma, ta tambaye ta ko ta fahimta, sannan ta ce su kuma yanzu nasu sauraro ne.

"Barci na yi, Anti. Laifina ne. A sallame ni kawai."

Agogo ya tafa hannu sau ɗaya, ya ce to magana ta ƙare, mai laifi ta amsa da bakinta. Kawu ya sake turo biron.

Ƙa'ida ko kallon biron ba ta yi ba. Ta roƙi Allura ta ɗan ɗago fuskarta. A gefen goshinta, ƙarƙashin ɗankwali, akwai ƙulu ya yi baƙi, da ɗan tsagu a tsakiyarsa.

"Mai barci kwantar da kai take yi," in ji Ƙa'ida. "Ba ta fasa shi a bakin tebur. Faɗuwa kika yi."

Allura ta kai hannu ta ja ɗankwalin ta rufe ƙulun.

"Me ya kayar da ke?"

Allura ta ce santsi ne. Ƙa'ida ta ce da sassafe ta shiga ɗakin gugar, simintinsa a bushe yake kamar ƙashi, abin da ke ciki kawai tururi ne, da fankar da ta mutu tun watan jiya. Allura ta ce to yunwa ce. Gwaggo ta kafa wa silin ido kamar tana ƙirga ƙusoshinsa.

Ƙa'ida ta rufe fayil ɗin da ke hannunta. Ta ce akwai abin da ya daɗe yana cin ta tun da ta kama aiki a nan, yau za ta faɗe shi. Kamfani ne cike da matan aure, amma ta bi tarihinsa kaf ba ta ga inda mace ɗaya ta taɓa neman hutun haihuwa ba. Da farko har ta ɗauka ruwan famfon kamfanin ne yake hana haihuwa. Sai ta ga in an tashi, bakin ƙofa cike yake da yara masu jiran iyayensu mata.

Gwaggo ta yi tari don ta danne dariya.

Sannan, in ji Ƙa'ida, ga rigar nan. Ta gan ta a jikin doguwa, ta gan ta a jikin gajera, ta gan ta a jikin mai ƙiba. Kowacce sai ta yi watanni da ita, sai a ji an ce tsohuwarta ba lafiya ta tafi jinya. Bayan 'yan makonni ta dawo a rame, rigar kuma ta koma jikin wata.

Agogo ya daina duba agogonsa.

Kawu ya ajiye kofin shayi. Ya ce su wa da wa ta gani da ita.

"Ba zan kira suna ba, Kawu."

Ta juya wajen Allura, ta sassauta murya.

"Ba ni da ikon tilasta miki ki faɗa min abin da ke jikinki. Babu mai wannan ikon a ɗakin nan. Amma zan faɗa miki abin da doka ta ce, a gaban Maigida, sai ki zaɓa."

Ta jero mata su a hankali. Ba a korar mace don tana da ciki. Tana da hutun haihuwa, kuma aikinta yana nan yana jiranta har ta dawo. In aikin da take yi zai cutar da ita ko abin da ke cikinta, haƙƙin kamfani ne ya canza mata wuri, ya raba ta da zafi da doguwar tsayuwa. Kuma wanda ya faɗi a bakin aiki saboda yanayin wurin, asibiti ake kai shi kafin a tambaye shi kaya.

Kawu ya katse ta. Ya ce shi bai taɓa korar mai ciki ba, kada a yi masa sharri. Tausayi ne yake sa in Agogo ya kawo masa labarin wata ta yi nauyi, ya ce ta je gida ta huta. Mai ciki da inji ba sa haɗa hanya.

"A cikin waɗanda suka tafi hutawa, Kawu, wa aka taɓa kira ta dawo?"

Kawu ya mayar da idonsa kan kofin shayinsa.

Allura ta saci kallon Gwaggo. Tsohuwar ta daɗe tana murza igiyar almakashinta, sannan ta gyaɗa kai sau ɗaya.

"Na shiga wata na bakwai," in ji Allura.

Maganar ta fito kamar an cire toshiya. Ta ce tururin ne ya ɗebe ta, ta ga ɗakin yana juyawa, ba ta san sanda ta kai ƙasa ba. Da ta farfaɗo hayaƙi ya riga ya tashi. Mijinta tun da ya karye a wurin gini yake zaune a gida, albashinta ne tukunyarsu. Amma ta gwammace a kore ta da sunan mai barci. In aka kore ta da sunan mai ciki za a gane rigar, kuma akwai waɗanda suke bayanta suna jiran ta cire.

Fuskar Kawu ta haɗe kamar hadari.

Ya ce wato a cikin gidansa, a ƙarƙashin hancinsa, aka haɗa masa ƙungiyar yaudara. Ya ce ɗazu laifi ɗaya ne, yanzu ya zama biyu, ɓarna da ƙarya. Ya buga tafin hannunsa a kan takardar har biron ya yi tsalle.

"Ki sa hannu, ko ki ajiye min makullin ofishina."

Allura ta fara roƙo, ta ce don Allah Anti ta sa hannu kawai, kada a raba 'ya da uba a kanta.

Ƙa'ida ta sa hannu a jakarta. Ta zaro makullin, ta raba shi da na gidanta a nutse, ta ajiye shi kusa da biron.

"Kai ne uwata, kai ne ubana, Kawu. Shi ya sa ba zan sa hannu ba. Minti biyar da suka wuce kana iya cewa riguna ka kora. Yanzu ka ji da kunnenka. In ta fita da takardar nan, ciki ka kora, kuma kowane alƙali zai gani. Ni ba zan riƙe maka fitila ka shiga rami ba."

Ta ƙara da cewa ƙaryar da yake magana, tsoro ne ya haife ta, tsoron kuma daga ofishin nan ya sauka zaure.

Babu wanda ya taɓa yi wa Maigida magana haka. Agogo ya matso yana cewa ranka ya daɗe a bar shi da su, shi zai yi maganin abin, rigar ma yanzu zai kai ta bayan kamfani ya cinna mata wuta. Har ya miƙa hannu.

Gwaggo ta buge hannun da bayan almakashi.

"Ba kai za ka taɓa ta ba."

Kawu ya ce to shi zai taɓa. A cire ta a ajiye masa a nan, kuma yana son sanin wace mara kunya ce ta ɗinka ta.

Gwaggo ta dube shi wani irin kallo, irin na wadda ta san mutum tun yana da gashi. Ta ce tunda ya tambaya, zai sani. Ta taimaka wa Allura ta zare rigar ta ka.

A ƙarƙashi doguwar rigarta ce ta gida. A kan rigar, daga ƙirji zuwa ƙugu, an naɗe cikin tam da wani dogon ƙyalle, an ɗaure shi a baya. Duk da ɗaurin, ga shi nan ya turo. Abin da ya hana ta zama kenan.

Kawu ya kawar da kai.

Gwaggo ta kwance ƙyallen. Allura ta ja wani dogon numfashi, irin wanda aka daɗe ana bin jiki bashinsa.

Tsohuwar ta shimfiɗa rigar a kan teburin, a kan takardar korar, ta juya cikinta waje. Daga waje buhu ce kawai. Daga ciki aiki ne na gwanaye. An jera mata ninki a ɓoye ta gefe da gefe, kowanne an kama shi da zare ɗaya. Duk sanda ciki ya ƙaru sai a tsinke zare guda, rigar ta buɗe ta gaba, kafaɗa da baya kuwa suna nan yadda suke. In mai ita ta sauka, sai a sake kame ninkin a miƙa wa ta gaba. Gefunan duk hudar allura ce a kan hudar allura. Facin da ke jikinta kuwa, babu yadin da kamfanin ya taɓa yankawa da ba a samu ɗan guntunsa a nan ba.

Tela tela ne ko yana fushi. Kawu bai san sanda ya jawo rigar yana bin ninkin da yatsa ba. Ya ce a ransa, har ya fito fili, wanda ya tsara wannan ya san aiki.

"Duba wuyan, Ɗan Tela," in ji Gwaggo. "Shi kaɗai ya rage na asali."

Ya juya wuyan rigar. Ɗinkin hannu ne, ƙanana ƙanana, a jere kamar haƙoran mataji. Sai dai duk sun karkata ta hagu, saɓanin yadda kowane tela yake yi.

Yatsansa ya tsaya.

Mutum ɗaya ya sani a duniya mai wannan hannun. Bahaguwa ce. Shi ya koya mata riƙon allura, ya yi faɗan ya gaji a kan ta koma dama, ta ƙi.

"Ƙarama," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

Sunan da yake kiran ƙanwarsa kenan. Ƙa'ida ta ji shi kamar an watsa mata ruwan sanyi a baya.

Gwaggo ta ba da labarin ba tare da ta ƙara gishiri ba. Lokacin kekunan ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Mijin Ƙarama ya rasu ya bar ta da ƙaramin ciki, tana zaune a gidan surukai tana zuwa aiki. A kwanakin ne Ɗan Tela ya ce wa wata mai ciki ta je ta huta, ya ɗauki wata a kekenta washegari. Gwaggo ta ce mata ai ke ƙanwarsa ce, ba zai yi miki haka ba. Ƙarama ta ce zai yi, kuma da kyakkyawar niyya zai yi, ya zaunar da ita ya riƙa aiko mata da abinci. Ita kuwa ba ta son 'yarta ta buɗe ido ta ga uwarta tana jiran a aiko. Gwaggo ta yanka, Ƙarama ta ɗinka.

"Ka tuna ranar da aka ce maka ta haihu? Ka ce ikon Allah, dogayen mata ba a ganin cikinsu."

Kawu ya sake bin ɗinkin wuyan da yatsa.

Gwaggo ta juyo wajen Ƙa'ida.

"Ke ce baƙuwar farko a rigar nan, 'yata. Kin daɗe kina bin ta da ido. Ni kuma ina kallonki ina cewa, jini ba ya ɓata."

Ƙa'ida ta kai hannu ta taɓa wuyan rigar, daidai inda yatsan kawunta yake. Hoton mahaifiyarta guda ɗaya gare ta, shi ma ya dushe. Ba ta taɓa riƙe abin da hannunta ya yi ba sai yau. Hawaye ya gangaro mata, ta bar shi ya sauka, sannan ta share da gefen mayafi ta gyara tsayuwa.

"Ba a rufe zaman ba, Kawu. Ma'aikaciya tana tsaye tana jiran hukunci."

Kawu ya dubi Allura kamar yanzu ta shigo. Ya dubi ƙafafunta da suka kumbura suka cika silifa. Ya miƙe a hankali, ya kama babbar kujerarsa ta fata wadda babu wanda ya taɓa zama a kanta sai shi, ya gunguro ta ta gefen tebur.

"Zauna, 'yata."

Ta ce a'a Maigida. Ya ce ba shawara ya ba ta ba. Ta zauna a bakin kujerar kamar mai tsoron ta ƙone ta.

Ya zaro takardar korar daga ƙarƙashin rigar, ya raba ta biyu, ya sake rabawa, ya zuba a kwandon shara. Ya ɗauki makullin ya kama hannun Ƙa'ida ya danƙa mata, ya naɗe yatsunta a kai.

"Maimaita min abin da kika ce ɗazu. A hankali. Ɗazu ba na ji."

Ta maimaita. Wannan karon yana tsayar da ita yana tambaya. Wa zai riƙe keken kafin mai shi ta dawo? Ta ce a ɗauki na wucin gadi, a faɗa masa gaskiya tun ranar farko. Rigunan da suka ƙone fa? Ta ce hatsarin aiki ne, kamfani zai ɗauka, ba a taɓa albashin Allura, kuma a gyara fankar nan yau kafin ta kayar da wata. Ya ce makarantar fa. Gwaggo ta ce ya bar mata wannan, in matan zaure suka ji abin da ya faru a ɗakin nan, rigunan za su fito kafin ranar.

Ya ce direba ya kai Allura asibiti yanzu. Allura ta ce don Allah a bar ta ta ga ƙarshen zaman.

Kawu ya juya wajen Agogo.

"Sauka ka kira min duk wadda ta taɓa sa rigar nan."

Agogo ya ce ranka ya daɗe ai babu wadda za ta amsa, mata ne, rantsuwa za su yi ta yi. Kuma aiki zai tsaya. Kuma baƙin Maigida suna hanya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, alhali shi ne a bakin taga.

Ƙa'ida ta ce kafin a kira kowa, sai Maigida ya faɗa da bakinsa cewa babu wadda za a taɓa don ta amsa. In ba haka ba ita ma za ta ce musu kada su hau.

Kawu ya ɗauki rigar da kansa. Ya fita barandar da ke kallon zauren, ya ɗaga ta sama da hannu biyu.

Keken farko ya yi shiru. Na kusa da shi ya bi. Haka shirun ya yi ta tafiya layi layi har bangon ƙarshe, sai ƙarar fanka kaɗai.

Daga cikin ofis suna jin muryarsa, ta dushe ba kamar kullum ba. Ya ce ƙanwarsa ce ta ɗinka wannan don tsoronsa, bai sani ba sai yau. Ya ce duk wadda ta taɓa shiga cikinta ta hawo, yana son ya ga fuskarta ya nemi gafara. Babu wadda za ta rasa kekenta, Ƙa'ida ce shaida.

Ya dawo ya tsaya a bayan tebur.

Da farko babu motsi. Agogo ya fara cewa ai na faɗa.

Sai aka ji kujera ta ja. Sai wata. Sai matakalar ƙarfen ta fara amsa takun ƙafafu, da yawa, ba mai sauri a ciki.

Wadda ta fara shigowa gajeriya ce, da zare maƙale a gaban rigarta. Mai keken maɓalli. Matar Agogo, wadda ba ta taɓa fashin yini ɗaya ba.

Agogo ya ce mata ke me ya kawo ki, koma bakin aikinki. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa ta gaida Maigida, mata suna ta cika ƙofa a bayanta.

"Duk 'ya'yanmu a cikinta na ɗauke su, Maigida. Ya sani. In na tafi haihuwa shi yake rubuta cewa na zo."

Ta nuna rigar da ke hannunsa.

"A cikina na ƙarshe rigar tana jikin mai haɗa wuya, saura mata wata biyu. Nawa ya fara fitowa. Shi ne ya hawo nan ya faɗa maka tana da ciki, ka ce ta je ta huta. Da yamma ya kawo min rigar a jakarsa. Tun ranar ban ƙara haɗa ido da Gwaggo ba."

Wata a bakin ƙofa ta yi salati a hankali.

Kawu ya juyo da dukan jikinsa ya fuskanci mutumin da ya ba amanar zaurensa. Muryarsa ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi ihu ban tsoro.

"Ƙa'ida, bugo min wata takardar. Yanzu. Wannan ko ke ba za ki hana ni ba."

Matan suka zuba mata ido. Babu wadda Agogo bai taɓa yanke wa albashin makara ba a cikinsu, babu wadda bai taɓa kira sakarya ba. Gwaggo har ta fara murmushi.

Ƙa'ida ta buɗe sabon fayil. Ta jawo kujerar da Agogo ya ce leburori ba sa zama a kai, ta ajiye ta a tsakiyar ɗakin.

"Sai an ji ta bakinsa, Kawu."

Ta dubi Agogo.

"Zauna, Malam. Doka ta ba ka abokin aiki guda ya zauna kusa da kai. Wa ka zaɓa?"

Agogo ya ɗaga kai. Ya bi fuskokin da suka cika ɗakin ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan matarsa. Ta juya masa ƙeya.

Sai aka ji babbar kujerar fata ta motsa. Allura ta dafa hannun kujerar, ta dafa bayanta, ta miƙe tsaye, ta nufi wajen Agogo.